Ƙahon Rana da Idon Bappa Sajo

Gumel,
14 ga Oktoba, 1973

Zuwa ga taubashina Cindo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka Kyauta da yara. Mu nan da sauƙi, alhamdu lillahi, sai nauyin jiki, don in Allah ya kai mu tsakiyar sanyi zan sauka. Har yanzu ina koyarwa a firamare, ina jan ƙafa zuwa aji. Maigidan yana gaishe ka.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna bayan dogon shiru. Kada ka fara hura hanci, ba kewarka na yi ba, aiki zan ba ka. Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, saboda haka bawana ne kai har gobe, ko ka gama duk karatun da ke Jos.

Damina ta yaudare mu bana. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye, ko tumun da za a gasa wa yaro ba a samu ba. Mutanen Damagaram da na gaba da su suna ta kwararowa ta Maigatari da raƙuma da 'yan komatsansu. Dabba ta zama abin da ake roƙon mutum ya saya.

Maganar Bappa Sajo ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na je rugarsa a bayan Gagarawa Tasha makon jiya. Jajayen shanun nan masu dogon ƙaho da ka sani, waɗanda in sun taso sai an ba su hanya, 'yan kaɗan ne suka rage, su ma ƙashi da fata. Amma ba wannan ne ya fi tayar min da hankali ba. Wan ubana ne, a hannunsa na tashi, amma na tsaya a gabansa bai san ni ba ce sai da na yi magana. Wani farin abu ya rufe masa baƙin ido duka biyu, ana ce masa yanar ido. Yana bambance rana da inuwa, iyakarta ke nan. Wuni yake a bakin turaku yana shafa bayan shanun da suka rage, yana kiran kowace da sunanta.

Kai ka yi shekaru kana aikin magani a asibitin kutare kafin ka tafi makarantar Littafin nan taku. Ka gaya min gaskiya, wannan abu yana da magani, ko mu haƙura?

Ga wani abu kuma. Muna cikin hira sai ya ce min, "Yaron Sabuwa fa, yana raye?" Tun da ka bi addinin masu mishan bai taɓa ambatonka a gabana ba. Na ce kana raye, har ka yi furfura. Ya ce, "To."

Wai me ake koya wa tsoho irinka a aji? Ka ba ni labari in yi dariya, dariya ta yi mana wuya a nan.

Uwargijiyarka,
Rabi'atu

Bukuru,
3 ga Nuwamba, 1973

Zuwa ga baiwata Rabi'atu,

Na gaishe ki da kyau, ke da maigidan, Allah ya sauke ki lafiya. Mu nan ƙalau muke, Kyauta tana gaishe ki. Kin juya maganar bauta, amma zan bar ki saboda halin da kike ciki.

Ki yi haƙuri da rubutuna. An haife ni da yatsan ƙari, shi ya sa aka sa min Cindo. Kuturta ta zo ta ɗauke na ƙarin, kuma ba ta tsaya nan ba. Sanyin dutsen nan ya sa waɗanda suka rage ba sa son riƙe alƙalami.

Labarin fari ya iso mana, amma da na karanta naki sai na kasa cin abinci. Na san shanun nan.

Maganar ido, ki kwantar da hankalinki. Tunda yana gane rana da inuwa, idon yana da rai, yanar ce kawai ta tare. A asibitin ido na Kano ana cire ta, a ba mutum tabarau mai kauri, ya koma yana gani. Na ga tsofaffin da aka kawo da sanda suka tafi da ƙafarsu. In an ba mu hutun Kirsimeti zan sauka a Gagarawa Tasha in ɗauke shi a jirgin ƙasa da kaina. Amma ba zan taka rugarsa ba sai da izininsa. Ki karanta masa wannan sashen, ki aiko min da amsarsa.

Ke ƙarama ce lokacin, ba za ki tuna ba. Da tabo ya fito min ina yaro, uwata Sabuwa ta riga ta rasu, kowa ya ja baya. Bappa, ɗan kawun uwata ne kawai, ba dole a kansa, shi ya aza ni a kan takarkari ya kai ni asibitin kutare na masu mishan can kusa da Kano. In na gaji da zama sai ya goya ni. Wannan "To" da ya ce miki, na karanta ta ya fi a ƙirga.

Kin tambayi abin da ake koya mana. Ibrananci ne ya sa ni gaba, harshen da aka fara rubuta Attaura da shi. Daga dama ake rubuta shi kamar Larabci, kuma kalmomin suna kama da juna. Bari in ba ki ɗaya da ta shiga raina. A inda aka ba da labarin saukowar Annabi Musa daga dutse bayan ya gana da Ubangiji, an ce fatar fuskarsa ta yi "ƙaran". Ma'anarta ta haskaka. Amma ba hasken fitila ba ne mai bazuwa ko'ina, haske ne mai fita tsinke-tsinke, kamar yadda rana ke yi in ta leƙo ta bayan gajimare. Kalmar kuwa 'yar'uwar "ƙeren" ce, wato ƙaho. A wurinsu haske tsirowa yake yi kamar ƙaho. Malaminmu ya ce wani mai fassara na zamanin da ya ɗauki ƙahon kai tsaye, har masu zane a ƙasar Turawa suka riƙa zana annabin da ƙaho a goshi. Kuskure ne babba. Kada ki je ki ce na ce Annabi Musa yana da ƙaho. Haske ake nufi.

'Yan ajinmu sun yi ta mamakin yadda ƙaho zai zama haske. Ni ban yi ba. Ruga na tuna, da sassafe, in rana ta ɓullo ta bayan garke, ƙahonin ne ke fara kamawa tun jikin shanun yana cikin duhu.

Ina jiran amsarki kafin hutu.

Ubangijinki,
Cindo

Bukuru,
6 ga Janairu, 1974

Rabi'atu,

Ina gaisuwa, da fatan lafiya. Mu nan lafiya lau, ƙaramin ne ya yi tari ya warke.

Hutu ya zo ya wuce ban ji daga gare ki ba. Na haɗa jakata tun kafin a rufe makaranta, ta zauna a bakin ƙofa har Kyauta ta gaji da tsallake ta ta mayar da ita ƙarƙashin gado.

Tunani iri biyu ke damuna. Ko dai wani abu ya same ki wajen haihuwa, Allah ya kiyaye, ko kuwa Bappa ya ƙi, ke kuma kina jin nauyin gaya min. In na biyun ne, ki faɗa min kai tsaye, ba yau na fara jin an ce kada in zo ba. In na farkon ne, ki sa maigidan ya rubuto ko layi ɗaya.

Ban saka wasa a wannan takardar ba, sai na ji lafiyarki.

Cindo

Gumel,
10 ga Fabrairu, 1974

Taubashina Cindo,

Bayan gaisuwa, lafiyata ƙalau, ka sauke wannan tunanin. Na sauka lafiya, mace ce, an sa mata Fadimatu. Ƙafafuna ne suka kumbura tun farkon Nuwamba, aka ce in huta, sai na tafi wurin Umma a Sule Tankarkar. A can na haihu, a can na yi arba'in. Sai da na dawo na tarar da takardarka ta biyu, da kuma ɓarnar da ta farko ta yi.

Ga yadda aka yi. Maigidan ya ba Ubale takardar ya kawo min. Ka san Ubale, mijin 'yar Bappa, mai jan babbar mota tsakanin Gumel da Maigatari. Ya san na tambaye ka maganar ido, sai ya ga bari ya biya ta ruga ya kai wa surukinsa albishir. Ya buɗe ta a gaban dattawa bayan la'asar. Karatunsa na yaƙi da jahilci ne, rubutunka kuwa ka san shi. Ya yi ta tuntuɓe har ya wuce maganar asibiti, an ce Bappa har ya gyara zama. Maimakon ya tsaya nan, sai ya ci gaba. Da ya iso layin nan, farkonsa ya gagare shi, ya tsallake, ya karanta da ƙarfi, "Na ce Annabi Musa yana da ƙaho."

Wurin ya ɗauki salati. Wani ya ce ga abin da ake koya musu ke nan, zagin annabawa. Ubale ya ninke takardar ya cusa a aljihu. Bappa bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ni na kai shi wurinsu da ƙafata." Daga nan ya ce kada ka sauka a tashar nan, kuma ba ya son idon da za ka buɗe masa.

Ubale ya ji tsoron kawo min ita ina cikin wannan hali, ya bar ta a mota. Yanzu tana hannuna, duk baƙin mai. Na karanta, na ga abin da ka rubuta. Na goya jaririya na tafi ruga, na ce, "Bappa, ba haka ya ce ba, cewa ya yi kuskure ne." Ya ce, "Ke abokiyar wasansa ce, gyara masa kike yi." Ubale ya zo ya durƙusa ya ce shi ne bai iya karatu ba. Bappa ya ce, "An koya maka abin da za ka faɗa."

Ni ma ina da faɗa da kai. Me ya kai ka haɗa maganar ido da maganar ƙaho a takarda ɗaya? Ka manta inda za ta je? Na san ni na tambaya, amma kai ne babba.

Abin da ya fi wannan gaggawa shi ne, akwai wani mutum daga wajen Damagaram da ke zuwa Maigatari ranar kasuwa, yana cire yanar ido da tsinken ƙarfe. An ce yana soka shi ta gefen ido ya ture farin, mutum ya tashi yana gani nan take. Bappa ya yi tuntuɓe da turke kwanaki, ya fasa goshi, tun daga ranar ya ce a kai shi wurin mutumin. Ina ta ja masa rai da cewa a bari ciwon goshin ya warke. Ban san ko zan iya riƙe shi ba. Wannan aikin yana da kyau ko babu?

Fadimatu tana da dogayen yatsu, na duba, babu na ƙari. Ba ta gado ka ba.

Rabi'atu

Bukuru,
19 ga Fabrairu, 1974

Rabi'atu,

Barka da sauka, Allah ya raya Fadimatu. Wannan rubutun Kyauta ne, ni nake faɗa tana rubutawa, don kada wani layi ya sake gagarar kowa.

Kada a bar mai tsinken nan ya taɓa shi. Ba cire yanar yake yi ba, tura ta yake yi cikin idon. Wasu suna gani na 'yan kwanaki, daga baya idon ya kumbura ya mutu, kuma ba likitan da zai iya tashinsa. Na wanke idanu irin waɗannan da hannuna. Ki yi duk dabarar da za ki iya.

Faɗanki na karɓa, da gaskiyarki. Kada a ga laifin Ubale, alheri ya yi niyya.

Amma ina so ki san abin da ya sa kalmar ta zauna min a rai, don ba ƙahon ba ne. Labarin ya ci gaba da cewa Annabi Musa bai ma san fuskarsa tana haske ba. Da ɗan'uwansa Haruna da sauran jama'a suka gan shi, sai suka ji tsoron matsowa. Shi ne ya kira su, suka komo wurinsa, ya yi magana da su. Ni ba annabi ba ne, kuma abin da ke fuskata ba haske ba ne, tabon cuta ne. Amma na san yadda mutum ke ji in danginsa suka hango fuskarsa suka tsaya daga nesa. Da na karanta cewa ya kira su sun dawo, sai na rufe littafin na fita waje. Ranar na yi niyyar in kira nawa, ko za su amsa. Sai ga takardarki ta farko a makon.

Ki gaya wa Bappa ban zagi Annabi Musa ba, ba kuwa zan zage shi ba, mu ma muna girmama shi. In duk da haka ba ya son zuwana, ba komai. Ubale ya kai shi Kano, zan rubuta wa wani ma'aikaci da muka yi aiki tare ya tarbe su. Ba sai ya ga fuskata ba. Idon nake so a tsirar.

Naki,
Cindo

Gumel,
12 ga Maris, 1974

Taubashina,

Ina gaishe ku duka, musamman Kyauta mai kyakkyawan rubutu. Mu nan lafiya, Fadimatu ta fara dariya.

Zan fara da mara daɗin. Takardarka ta yi nawa a hanya. Kafin ta iso, wasu maƙwabta sun ɗora Bappa a jaki sun kai shi Maigatari ba da sanina ba. Mutumin ya yi masa idon hagu, ya ce na dama sai kasuwa ta gaba. Ya dawo yana murna, ya ga inuwar bishiya, ya ga farar rigar wani. Kwana kaɗan idon ya yi ja ya kumbura, ya hana shi barci. Yanzu kumburin ya sauka, amma ko rana ba ya gani da shi. Ciwon ne ya hana a koma a yi na daman. Na yi kuka, na gode wa Allah kuma.

Da takardar ta zo na rasa ta inda zan ɓullo, tunda ya ƙi jin bakina. Sai na tafi wurin Malam Rufa'i, limamin Gagarawa Tasha, wanda ya koya min allo. Na karanta masa ta farkon da wannan ta ƙarshen, ban tsallake komai ba. Ya sa na maimaita wurin ƙahon. Ya ce shi bai san littafinku ba, ba kuwa zai yi shaidar abin da ke ciki ba. Amma ya ce Larabawa ma "ƙarnu" suke ce wa ƙaho, kuma gefen rana da ke fara ɓullowa da asuba ƙahon rana suke kiransa, da shi ma ake gane lokacin sallar asuba ya fita. Ya ce, "Wanda ya ce fuskar Annabi Musa ta yi haske bai zage shi ba. An ɗora wa yaron nan abin da bai faɗa ba, kuma a gabana aka yi, ban bincika ba. Tashi mu je."

Mun tarar da Bappa kwance a bukka da tsumma a ido. Malam ya zauna ya yi masa bayani da Fillanci, a hankali. Bappa ya ce, "Malam, ka tabbata?" Malam ya ce, "Addininsa tsakaninsa da Allah ne, ni ban bi shi ba. Amma wannan maganar ƙarya aka yi masa."

Sai Bappa ya ce in karanta masa ta ƙarshen. Na karanta. Da na zo inda ka ce ya kira su sun komo, ya ce in dakata. Ya juya fuskarsa bango. Na ɗauka barci ya yi, sai ya ce in ƙarasa. Da na kai ƙarshe ya tashi zaune.

Ya ce, "Wai Ubale ne zai kai ni?"

Na ce haka ka ce, in ba ya son ganinka.

Ya ce, "Ubalen da layi ɗaya ya gagara, shi zai karanta min takardun asibiti? Ya kai ni a cire min ƙafa?"

Ubale yana bakin ƙofa, ya fi kowa dariya.

Sannan Bappa ya ce, "Rubuta masa. Ki ce ni na ce kada ya sauka, ni kuma na ce ya sauka. Ki rubuta da manyan baƙaƙe."

To ga shi na rubuta: KA SAUKA.

Ni ba zan iya bin ku Kano ba, ga goyo ga makaranta. Ka zo da wuri, zafi ya fara, kuma jikinsa ba ƙwari. Ka zo da rigar kirki, kada ka ba ni kunya a gaban mutane, a ce bawan Rabi'atu tsumma yake sawa.

Uwargijiyarka,
Rabi'atu

Kano,
16 ga Afrilu, 1974

Zuwa ga Rabi'atu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigidan da Fadimatu. Ina rubuto miki daga barandar asibiti, da hannuna, zafin Kano ya saki yatsun. Ki karanta da kanki, kada ki ba kowa.

Ya gani.

Bari in faro daga farko, tunda ranar da na sauka kina aji ba mu haɗu ba. Ubale ne ya tarbe ni a tasha, ya karɓe jakar, yana ta ba ni haƙuri har muka isa ruga. Na yi sallama a ƙofar bukka. Bappa ya ce, "Matso." Ya kama hannuwana ya laluba su, ya tsaya a wuraren da babu yatsu. Ya ce, "Har nan ta ci?" Na ce ta tsaya tuntuni. Ya ce, "Alhamdu lillahi," bai saki hannun ba har aka kawo ruwa.

A jirgi bai yi magana sosai ba. Tambaya ɗaya ya yi ta yi, ko akwai ciyawa a gefen hanya. Na ce babu. Likita ya duba ya ce na hagu ya tafi, na dama kuwa yanar ta nuna, za a iya. Aka yi aikin, aka kwantar da shi rigingine da jakunkunan yashi a gefen kai don kada ya motsa. Kwanakin nan sun yi masa wuya, mutumin da bai saba kwana ƙarƙashin rufin kwano ba. Da aka yarda ya tashi zaune, ni nake kawo masa ruwan alwala in juya shi gabas. Wata rana bayan ya idar ya ce, "Cindo, ban yarda da hanyar da ka bi ba. Kullum ina roƙa maka." Na ce, "Ni ma ina roƙa maka, Bappa." Ya yi tsaki kaɗan, ya ce, "To, ai yana jin mu duka biyu." Ba mu sake tayar da maganar ba.

Jiya da safe aka kwance bandejin, aka ɗora masa tabarau na gwaji. Ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba. Ya kalli tafin hannunsa. Ya kalli taga. Ni ina tsaye daga ƙarshen gado, ban san na ja baya ba. Ya ce, "Wancan mai farar rigar, kai ne?" Na ce ni ne. Ya ce in zo kusa. Ya dube ni, ya dube ni, har na rasa inda zan sa idona. Sai ya ce, "Goshin Sabuwa ne. Amma ka tsufa, yaro."

Likita ya ce nan da mako za a sallame mu, tabarau na dindindin kuwa sai idon ya gama warkewa. Ki gaya wa Ubale ya tarbe mu a tasha. Bappa ya ce a gaya wa masu kiwo kada a sayar da ko saniya ɗaya kafin ya zo ya dube su da kansa.

Saura abu ɗaya, shi ne ma ya sa na kasa jira sai mun haɗu. Tun ina yaro, duk inda zan zauna da dangi, da kwanona nake zuwa, in koma gefe in ci. Ba wanda ya taɓa ce min in daina, ni ma na saba. A nan asibiti haka nake yi, in zuba masa nasa in ba shi a hannu, in ɗauki nawa in koma bakin ƙofa. Da ba ya gani, bai sani ba. Yau da rana na sayo tuwo da miyar kuka da ɗan nama, na raba biyu kamar kullum. Ya bi ni da kallo ta cikin tabarau har na zauna.

Ya ce, "Me kake yi a can?"

Na ce abinci nake ci.

Ya ce, "Kawo."

Na kawo, a zatona bai ishe shi ba ne. Ya karɓa ya juye nawa a cikin nasa, ya ture kwanon da babu komai ƙarƙashin gado, ya ajiye ɗayan a tsakaninmu. Mutanen ɗakin suna kallo. Na zauna na kasa sa hannu. Shi kuwa ya yi bisimilla ya fara ci. Da ya ga ban motsa ba sai ya ce, "Ka ci da sauri, ni yanzu ina ganin inda naman yake."

Na ci, Rabi'atu.

Ki shafa min kan Fadimatu.

Bawanki, na yau kaɗai,
Cindo